Iskar Sama: Yadda Ake Auna Ta, da Abin da Take Gaya wa Manomi



Sau da yawa mukan ji a radiyo an ce gobe za a yi ƙura, ko kuwa jibi hadari zai taso. Wasu su yarda, wasu su yi dariya. Wasu kuma su ce, wa ya hau sama ya gano? Tambayar tana bisa hanya, kuma matambayi ba ya ɓata. Amsa ita ce, mutum bai hau ba, amma kayan awonsa suna hawa dare da rana. A filinmu na yau za mu bayyana abin da ake aunawa can bisa, da yadda ake lissafa shi, da inda ya shafi gonarmu da lafiyar iyalinmu.

Magana guda za mu bi daga farko har ƙarshe. Iskar sama da iskar ƙasa suna gaurayuwa. Wannan gaurayuwa ita ke sauko mana da iskar hantsi, ita ke ɗaga ƙurar hunturu, ita ke gina hadarin damana. Wanda ya gane ta zai gane abin da radiyo ke faɗa, ya kuma san yadda zai yi aiki da shi.

SAMA HAWA-HAWA CE

Iskar da ke bisa kanmu shimfiɗa-shimfiɗa ce, wata bisa wata, kamar tabarmin da aka jera. Masana sun kasa ta hawa-hawa, kamar gidan bene. Hawa biyu na ƙasa su ne za mu duba.

Hawa na farko ya tashi daga ƙasa ya kai kamar kilomita 16 ko 17 a ƙasashenmu masu zafi. Da a ce hanya ce a kwance, tafiyar awa uku ko huɗu ce a ƙafa. A cikin wannan hawa gajimare yake, da ruwa, da ƙura, da tsawa. Duk sa'ad da aka ƙara hawa kilomita ɗaya, zafi yakan ragu da kamar digiri 6 da rabi. A wajen kilomita 5 ruwa ya fara daskarewa, ko da mu nan ƙasa muna fama da gumi. A ƙarshen hawan kuwa sanyi yakan kai digiri 80 ƙasa da sifili. Sifili shi ne inda ruwa ke zama ƙanƙara. Shi ya sa wani lokaci ƙanƙara ke faɗowa tare da ruwan damana, alhali ana zafi.

Daga nan sai hawa na biyu. A can iska ta daina ƙara sanyi, har ma ta soma ɗumi. Busasshiya ce, babu hadari a cikinta. A shekarar 1902 wani masani na Faransa da wani na Jamus suka bayyana wa duniya wannan hawa, bayan sun yi ta aika balan-balan ɗauke da ma'aunin zafi. A can ne kuma akwai wata iska da ake kira ozon, wadda ke tace hasken rana, ta kare fatarmu da idanunmu da shukokinmu daga ƙunarsa.

Abin da ya shiga hawa na biyu yakan daɗe bai sauko ba, domin iskar can ba ta cika gaurayuwa da ta ƙasa ba. Ga misali. A watan Yuni na 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta. Hayaƙinsa ya shiga hawa na biyu, ya zagaye duniya cikin mako uku, ya zauna fiye da shekara guda. Ya rage hasken rana, har zafin duniya ya ragu da kamar rabin digiri a 1992. Ƙurar da ke hawa na farko kuwa cikin kwanaki ko ƴan makonni take faɗowa, ko ruwa ya wanke ta.

ME KE GAURAYA ISKA?

Mu dubi ƙwaryar fura. In an dama an ajiye, mai nauyi ya kwanta ƙasa, ruwa ya taso bisa. Haka za su zauna sai an sa ludayi. Iska ma haka take. Mai sanyi ta fi nauyi, mai ɗumi ba ta kai ta nauyi ba. In mai sanyi tana ƙasa, mai ɗumi tana bisa, sai kowace ta zauna wurinta. Abubuwa uku ne ludayin iska.

Na farko, zafin rana. Rana tana gasa ƙasa, ƙasa kuma ta ɗumama iskar da ke kanta. Iskar nan ta tashi sama, wata ta sauko ta maye gurbinta. Ungulu da shirwa sun san haka. Da rana ta yi, sukan hau iskar da ke tashi, su yi ta kewayawa ba su kaɗa fiffike ba. Guguwar da ke murɗa kara da ganye a gona ita ma daga nan take. Da bazara, wannan motsi yakan kai kilomita 3 ko 4 bisa ƙasarmu. A tsakiyar hamada yakan kai kilomita 5 ko 6. Da dare kuwa ƙasa ta huce, motsin ya tsaya. Shi ya sa da almurun ɗari muke ganin hayaƙin murhu ya kwanta bisa gari kamar mayafi, ya ƙi tashi.

Na biyu, bambancin gudu. In shimfiɗa ɗaya tana gudu da sauri, wadda ke ƙarƙashinta tana tafiya sannu, sai su goga juna. In gogawar ta yi ƙarfi, gefensu ya naɗe, su shiga juna. Wannan yana faruwa har can bisa, inda ba ko ɗigon gajimare. Alhazan da suka hau jirgi sun san shi. Jirgi yana tafiya lafiya a kilomita 10 ko 12, sai a ji ya soma girgiza kamar mota a hanya mai gargada. Ya shiga inda iska ke gaurayuwa ke nan.

Na uku, hadari. Shi ne babban ludayi, domin cikin ƙasa da awa guda yakan ɗauki iskar ƙasa ya kai ta ƙarshen hawa na farko.

ISKAR HANTSI DA ƘURAR HUNTURU

Mata masu shiƙar hatsi sun san cewa da asuba iska kwance take, sai hantsi ya yi take tasowa. Ga dalili. Da dare, iskar da ke ƴan ɗaruruwan mitoci bisa kanmu takan rabu da ta ƙasa. Ba itace, ba tudu, ba gini da zai tare ta, sai ta yi ta ƙara gudu har gari ya waye. In rana ta fito ta gasa ƙasa, motsi ya fara, sai ya jawo wannan gudu ya sauko da shi. Abin da muke kira iskar hantsi, iskar sama ce ta sauko.

Haka yake faruwa a wani kwari da ake kira Bodele, a arewacin ƙasar Cadi, fiye da kilomita 1,000 gabas da mu. Tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, ƙasarsa fara ce mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas takan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta fito da ƙarfi. Da hantsi ta sauko bisa kwarin, ta kwashi ƙura. Haka take yi kamar kwana 100 a shekara, mafi yawa a lokacin ɗari. Masana suna lissafa Bodele a kan gaba cikin wuraren da ƙura ke tashi a duniya. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙurar ta iso Damagaram, da Tasawa, da Maraɗi, da Kano. Wadda ta hau bisa sosai takan ƙetare tekun Atlantika.

Ke nan hazon da ya rufe mu yau ya baro gida tun jiya ko shekaranjiya. Abin da yake da tafiya kuwa ana iya hango shi tun bai iso ba.

YADDA HADARI KE GINUWA

Ga wani abu da kowane manomi ya lura da shi. Da damana iskar ƙasa daga kudu maso yamma take zuwa, amma hadari daga gabas yake tasowa. Awon sama ya bayyana dalili. Iskar ƙasa mai laima daga teku take, kaurinta bai cika wuce kilomita ɗaya ko biyu ba. A bisanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma, kamar kilomita 40 ko 50 a awa. Ta ƙasa ita ke kawo laima. Ta bisa ita ke jera hadari ta koro shi yamma. Mafi yawan ruwan da gonakinmu ke samu daga irin wannan jerin hadari yake.

A cikin hadari, iska mai laima tana tashi da sauri. Ta yi sanyi, tururinta ya zama ɗigon ruwa da ƙanƙara. In ruwan ya fara faɗowa, yakan ratsa busasshiyar iska a tsakiya. Wani sashe nasa ya koma tururi, ya sanyaya iskar, kamar yadda zufar tulu ke sanyaya ruwan da ke cikinsa. Iskar nan mai sanyi ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa, ta bazu gaban hadarin. Ita ce iskar da ke zuwa da jan ƙura kafin ruwa. Ita ke yaye rufin ɗaki, ita ke kwasar rairayi ta binne hatsin da ya tsiro.

BALAN-BALAN MAI AWO

To, yaya ake sanin abin da ke faruwa can bisa? Babbar hanya ita ce balan-balan. Ana cika ta da wata iska maras nauyi, a ɗaura mata igiya. A ƙarshen igiyar akwai ƙaramin akwati da hannu ɗaya ke ɗauka. A cikinsa akwai ma'aunin zafi, da ma'aunin laima, da na'urar da ke faɗin inda yake, da ƙaramar radiyo mai aika saƙo ƙasa.

In an sake ta, takan hau kamar mita 300 a minti ɗaya. Tana hawa tana kumbura, domin iskar da ke danne ta tana raguwa. Bayan awa ɗaya da rabi ko biyu ta kai kilomita 25 ko 30, sai ta fashe, akwatin ya faɗo. Ɗaruruwan tashoshi a duniya suna wannan aiki a lokaci guda, sau biyu a yini. A agogon Nijar, wajen ƙarfe ɗaya na dare ne da ƙarfe ɗaya na rana. Sannan su aika wa juna abin da suka samu, domin iska ba ta san iyakar ƙasa ba. A Nijar, Yamai da Agadas suna cikin wuraren da aka daɗe ana wannan awo.

Daga saƙon akwatin ana karanta abu uku game da gaurayuwa.

Ɗaya: inda motsin ƙasa ya tsaya. Furar da ta damu da kyau, ɗanɗanonta ɗaya ne daga bisa har gindin ƙwarya. Haka iskar da ta gaurayu, laimarta kusan ɗaya ce daga ƙasa zuwa wani tsayi. Inda lambobin suka sauya farat ɗaya, nan ne murfinta.

Biyu: bambancin gudu. Iska ce ke kora balan-balan. In aka bi sawunta, an san gudun kowace shimfiɗa da inda ta dosa.

Uku: inda shimfiɗu suka kife. In akwatin ya tarar da iska mai nauyi bisa maras nauyi, an san nan ludayi ya wuce ba da daɗewa ba. Kaurin wurin da ya kife shi ke nuna ƙarfin gaurayuwar.

Akwai waɗansu hanyoyi da ke taimaka wa balan-balan. Jiragen sama suna aiko da labarin zafi da iska da girgizar da suka gamu da ita. Tauraron ɗan adam mai suna Meteosat, wanda aka harba na farkonsa a 1977, yana kallon Afirka daga nisan kilomita 36,000. Na zamanin yanzu suna aiko da hoto kowane minti 10 ko 15, ana ganin tafiyar hadari da ta ƙura.

ABIN DA AKA YI A ƘASARMU A 2006

A damanar 2006 masana na Afirka da na Turai da na Amurka suka haɗu a wani babban aiki mai suna AMMA, domin binciken damanar Afirka ta Yamma. Nijar tana tsakiyar aikin. Daga Yuni zuwa Satumba an saki balan-balan mai awo wajen 7,000 a yankin. A Yamai, a waɗansu kwanaki, har sau 8 ake saki a yini.

A Damagaram, gabas da mu, an saki waɗansu manya a watannin Agusta da Satumba. Su ba su fashewa da wuri. Sukan hau hawa na biyu, wajen kilomita 20, iskar can ta yi ta kora su yamma kwana da kwanaki, har bisa teku. Suna tafe suna sako ƙananan akwatunan awo ɗaya bayan ɗaya, kowane yana auna iska tun daga bisa har ƙasa.

A Yamai kuma an aika kayan awo na musamman kusa da manyan hadura. Sun tarar da ƙwayoyin ƙanƙara a ƙasan hawa na biyu, inda busasshiyar iska take. Wannan ya nuna cewa hadarin ƙasarmu, in ya yi ƙarfi, yakan huda rufin hawa na farko ya watsa laima bisa. Ke nan hadarin da ke shayar da gonar hatsi a nan yana da hannu cikin yanayin duniya baki ɗaya.

YADDA AKE LISSAFI

Awo yana faɗin yadda iska take yanzu. Sanin yadda za ta kasance gobe sai da lissafi. Wani masani na Ingila mai suna Richardson ya bayyana hanyar a wani littafi a 1922. Ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi da hannu kafin su riga iska gudu. A 1950, a Amurka, aka fara gwada aikin da kwamfuta, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Ga yadda ake yi. A bisa taswira ana yanka duniya gida-gida, kamar gidajen dara. Bisa kowane gida kuma a jera akwatunan iska, ɗaya bisa ɗaya. A kowane akwati a rubuta zafi, da laima, da nauyin iska, da gudunta, da inda ta dosa. Sai kwamfuta ta lissafa abin da zai fita daga kowane akwati ya shiga maƙwabcinsa cikin ƴan mintoci. Ta sake, ta kuma sakewa, har ta kai gobe, da jibi, da gata. A cibiyar hasashen yanayi ta ƙasashen Turai, faɗin gida ɗaya kamar kilomita 9 ne, akwatuna 137 ne bisa kowane gida.

A nan wahala take. Gida mai kilomita 9 tsawo da 9 faɗi hekta 8,100 ne. Ƙauyuka da yawa za su shiga cikinsa. Guguwa kuwa ƴan mitoci ce. Kwamfuta ba ta ganin guguwa ɗaya-ɗaya, ba ta ganin kowane wurin da shimfiɗu suka kife. Sai a ba ta ƙa'ida ta ƙiyasi. Manomi ba ya ƙirga ƙwayar hatsi. Yana ƙirga dami, ya san kimanin tiya nawa dami ke bayarwa. Haka ake gaya wa kwamfuta: in zafi ya kai kaza, bambancin gudu ya kai kaza, to gaurayuwa za ta kai kaza.

Tushen wannan ƙa'ida kamar kokawa ne tsakanin ƙarfi biyu. Ƙarfin farko yana son kowace shimfiɗa ta zauna wurinta. Na biyu, wato bambancin gudu, yana son ya kifar da su. Ana raba na farko da na biyu, a sami lamba guda da ake kira da sunan Richardson. Masana sun gano cewa in lambar ta kasa kashi ɗaya cikin huɗu, shimfiɗu suna iya fara naɗewa.

ME YA SA WANI LOKACI HASASHE BA YA CIKA?

Dalili na farko shi ne ƙarancin awo. Tashoshin balan-balan na Afirka kaɗan ne in an gwada da na Turai, tsakaninsu da nisa. Dalili na biyu shi ne ƙiyasin nan. In ƙa'ida ta sa gaurayuwar dare ta yi yawa, iskar hantsi za ta fito da rauni a lissafi, ƙura ma ta fito kaɗan. Lissafi da yawa kuma sukan kawo ruwa da tsakar rana, kaɗan-kaɗan, alhali namu da marece ko da dare yake zuwa, da ƙarfi. Awo irin na 2006 shi ke nuna inda za a gyara.

Saboda haka akan maimaita lissafi kamar sau 50, kowane da ɗan bambanci a farkonsa. In 35 cikin 50 sun nuna ruwa, sai a ce kashi 70 cikin 100. Ma'anarsa, ruwa ya fi kusa, amma yana iya ƙin zuwa. Kuma hasashe na yanki ne. Ana iya yin ruwa a Mayahi, Sarkin Hausa ba ta sami ko ɗigo ba, hasashen kuwa bai yi ƙarya ba.

Wasu suna tsoron cewa wannan aiki duba ne. Duba da'awar sanin gaibu ce. Wannan kuwa lura ce da alamu. Kakanninmu sun lura da zuwan shamuwa, da juyawar iska, da kaɗewar ganyen gawo, suka shirya iri da kalme. Ma'aikatan yanayi ma alamu suke karantawa, sai dai nasu da ma'auni ne. Saukar da ruwa na Allah ne. Shiri kuwa aikinmu ne.

A Yamai akwai cibiyoyi biyu da ke wannan aiki domin ƙasashe da yawa: AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin da ya ci dabbobi da mutane, da kuma ACMAD. Tun 1998 masana yanayi na Afirka ta Yamma ke taruwa kafin kowace damana su fitar da hasashenta. Ma'aikatar yanayi ta ƙasa, wadda muke kira metewo, ita ke fitar da na Nijar.

AMFANI A GONA

1. Kada ruwan farko ya ruɗe mu. Masana aikin gona na Sahel suna ba da shawarar a shuka in an sami milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a hango dogon tsayawar ruwa a gaba ba. Milimita ɗaya lita ɗaya ce bisa fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. In akwai ma'aunin ruwa a gari, a tambayi mai kula da shi. In babu, a tona a ga ko danshi ya kai tsawon tafin hannu.

2. Mai yin binne kada ya zuba irinsa duka. Ya rage na sake shuka.

3. A bar kara a gona, a raya ƙananan itatuwan da ke tsirowa. Iska na wahalar da mai kayan kara, amma karan da ke kwance a gona shi ke wahalar da iska. Sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa a jihar Maraɗi bayan farin 1984, ya maido da itatuwa a miliyoyin hekta a Maraɗi da Damagaram. Gonar da ke da gawo da kalgo rairayi bai cika binne shukarta ba.

4. Kada a fesa maganin ƙwari da tsakar rana, domin iska mai tashi za ta kwashe shi. Kada kuma a fesa sa'ad da hayaƙi ya kwanta bai motsi, domin maganin zai rataya ya bi gari. A fesa da safe ko da la'asar sakaliya, in akwai ƴar iska mai sauƙi, a ba ta baya, a rufe hanci da baki.

5. Kada a sa wuta a gona da hantsi. Lokacin ne iska ke ƙara ƙarfi.

6. A gyara magudanar ruwa da gindin bango tun kafin damana. Wani bincike da aka buga a 2017, bisa hotunan Meteosat, ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku daga 1982. Ambaliyar 2024 ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a Nijar, jihar Maraɗi kuma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki.

AMFANI GA LAFIYA

Ƙura da busasshiyar iska suna tsattsage cikin hanci da maƙogwaro. Ta nan ƙwayar cutar sanƙarau ke samun ƙofa. Ƙwayar daga mutum zuwa mutum take bi, ta tari da atishawa, amma lokacin ƙura da zafi ne ta fi yaɗuwa, daga ɗari zuwa bazara. In damana ta sauka sai ta lafa. A 1996 sanƙarau ya kama fiye da mutum 250,000 a Afirka, wajen 25,000 suka rasu. Daga 2010 aka fara sabuwar allurar rigakafi a Nijar da Mali da Burkina Faso, ta karya ƙarfin nau'in da ya fi ɓarna. Amma a 2015 wani nau'in ya kama fiye da mutum 8,000 a Nijar. Saboda haka ba a saki jiki ba.

In radiyo ta ce ƙura tana tafe:

1. A rufe hanci da baki da rawani ko mayafi.
2. A tsare jarirai, da tsofaffi, da masu ciwon fuka a cikin ɗaki.
3. A rufe randa da abinci, a yawaita shan ruwa.
4. Kada a cunkushe a ɗaki ɗaya da hayaƙi.
5. In aka ga zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai mai tsanani, da sanƙarewar wuya, ko amai, ko kumburin maɗigar jariri, a tafi gidan likita nan take, ko da dare ne. Sanƙarau yana iya kisa cikin kwana ɗaya.
6. In an zo rigakafi, a fito da iyali duka. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya tsinci ƙaramin akwati da igiya da yagaggiyar roba a daji, kada ya tsorata. Kayan awo ne ya gama aikinsa. A hana yara fasa shi, a kwashe robar da igiyar kada dabba ta haɗiye. In balan-balan ɗin tana da sauran iska a ciki, kada a kusance ta da wuta ko taba, domin iskar tana iya kamawa.

TAMBAYOYI DOMIN AJI

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke gauraya iska?
2. Me ya sa iska ke tasowa da hantsi?
3. In lissafi 20 cikin 50 ya nuna ruwa, kashi nawa ke nan cikin 100?
4. Waɗanne alamun damana tsofaffin garinku suka sani? Ku rubuta su.

Muna roƙon kowane aji ya sami littafi guda. A riƙa rubuta abin da radiyo ta faɗa, da abin da aka gani washegari, da ranar ruwa, da ranar ƙura. In kaka ta yi a zauna a karanta tare. Da haka gari zai san da kansa inda hasashe ke cika da inda yake kuskure, ya san yadda zai dogara da shi baɗi. Wanda ya karanta wannan shafi kuma ya karanta wa maƙwabcinsa da bai shiga aji ba tukuna.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya da annoba. Amin.